Ɓarawon Tankin Farfesa Sabitu

Farfesa Sabitu ya sake zura 'yar raga cikin tankin siminti, ya ɗago, ya leƙa. Babu tantama, kifin sun ƙara raguwa.

Fiye da shekara talatin ya yi yana nazarin tarwaɗa, amma a gutsure ya san ta. Ɗan yankin hanta, ɗan yankin hanji, a daskare cikin kwalba. Da su ya gano yadda sinadaran narkar da abinci, waɗanda masana ke kira enzayim, suke sauyawa daga zuri'a zuwa zuri'a, da su kuma ya zama farfesa. Shi da bakinsa yakan ce duk jihar Bauchi babu wanda ya fi shi sanin kifi, kuma babu wanda ya fi shi tsoron ƙaya. Har gobe matarsa A'i ce ke cire masa kafin ya ci.

Sai da ritaya ta ƙarato ya yi sha'awar ganin iliminsa yana iyo. Ya haɗa iri biyu da ya daɗe yana hasashe a kansu, na madatsar Gubi da na kogin Gongola, ya zuba 'ya'yansu a tanki bayan ɗakin gwaji. Ya sa aka rufe saman da waya saboda tsuntsaye, aka yi ƙofar ƙarfe, ya danna kwaɗo.

Cikin 'yan watanni abin da ya yi hasashe ya bayyana. Abincin da yake zubawa bai ƙaru ba, amma wasu 'yan tsiraru suka riƙa buɗewa kamar ana hura su. Ranar da ya auna babbar cikinsu, bai san lokacin da ya iso gida ba.

"Hajiya, ashe ban ɓata rayuwata ba."

"Wa ya ce ka ɓata?"

"Ni," in ji shi. "Kullum da safe."

Sai ga wannan sata. Kwaɗo lafiya lau, waya ba ta yage ba, amma kifi na tafiya. Makulli kuwa biyu ne. Ɗaya na aljihunsa, ɗaya na wurin Dakta Andrawus, malamin ilimin tsirrai, wanda ke ɗibar ruwan tankin yana ba shukokinsa. Tun suna ƙananan malamai suka yi hayar ɗaki ɗaya a Yelwa, risho ɗaya, tukunya ɗaya. Farfesa ya kori tunanin, tunanin ya dawo. Matar Andrawus, Liatu, farfesun kifi take sayarwa a Gwallameji.

Har can ya je wata Asabar da sunan gaisuwa. Liatu ta cika masa kwano, ta ƙi karɓar komai. Ya zauna yana juya kifin da cokali, yana neman shaida. Mutumin da zai iya gaya maka asalin tarwaɗa daga ɗigon hantarta ya kasa gane komai cikin romo, sai dai ya yarda farfesun ya yi daɗi. Ya shanye, kunya ta kama shi, ya nemi ƙari.

Abin da ya yanke masa shakka shi ne halin ɓarawon. Ƙanana kawai yake ɗauka. Baƙon ɓarawo ai manyan zai kwashe. Wanda ya bar su ya san darajarsu, ba ya son binciken ya rushe. Sata ce irin ta aboki. Farfesa har ya ɗan yaba wa kansa da wannan basira.

Ya tare shi a bakin tankin.

"Andrawus, ba ni makullin nan."

"Naka ya ɓace ne?"

"Kifi ne ke ɓacewa."

Andrawus ya ajiye bokitinsa. Ya zare makullin ya ɗora masa a tafin hannu.

"Sabitu," ya ce. "Ni?"

Daga ranar shayin da suke sha tare a ofis ya tsaya. Kirsimeti ta zo, babu kular shinkafa daga gidan Liatu. A'i ta tambaya, ya ce mata sha'anin aiki ne. Satar kuwa ta ragu sosai, ko da yake ƙananan ma saura kaɗan. Abin ya yi masa ciwo, amma ya gaya wa kansa masanin kimiyya shaida yake bi, ba zumunci ba.

Ranar da baƙi masu ba da tallafin bincike suka zo daga Abuja, aka tara malaman tsangayar kimiyya gaba ɗaya. Andrawus ya tsaya can baya, hannuwa a harɗe. Farfesa ya sa farar rigar gwaji, ya yi bayanin enzayim ɗin da ke mayar da abinci kaɗan tsoka mai yawa, da abin da hakan zai yi wa mai kiwo da mai tukunya.

"Da ba don wasu hannaye ba," ya ce, bai dubi baya ba, "da sakamakon ya fi haka."

Aka kamo babbar, aka shimfiɗe ta kan faranti. Baƙin suka matso. Wannan kam fagensa ne.

"Yanzu za ku gani da idonku ɗan abin da take ci ta kai haka."

Ya tsaga tumbin. Ƙannenta guda biyu suka sulluɓo kan farantin, ɗaya ma ko gashin bakinta bai narke ba.