Hawan Alhaji Haruna

Luba ta ɗauke ƙwaryar man shanu daga madafa, ta tura ta can ƙarƙashin gado, ta jera kwanuka a gabanta. Daga ranar, mai ya yi bankwana da tukunyar maigida.

Ba rowa ba ce. Uban mijinta a Kasuwar Kurmi ya kife a kan huhun goro, bai ƙara motsi ba. Wan mijinta kuwa yana cikin alwala aka ji faɗuwar buta. Dukkansu jibga-jibga, dukkansu ba su ga sittin ba. Ga shi mijinta Alhaji Haruna ya ɗauko hanya, har sai ya karkace yake shiga ƙofar soro. Macen da ta ga kabari biyu ba ta zama jiran na uku.

Ita ta matsa masa ya je asibiti. Likita Bature ya ɗora masa abin sauraro a ƙirji, ya yi magana, tafinta ya juya: kitse ya danne zuciya. Magani kuwa babu kwalba, babu allura. Ya hau tudu kullum da safe har ya jiƙe, ya bar mai da kitse, ya ci ganye.

"Dala ke nan," in ji Luba. "Daga nan unguwarmu Soron Ɗinki, a ƙafa."

"A ƙafa?" in ji Alhaji. Ya shafa tumbi. Can ya ce, "To, abu ne mai yiwuwa."

Ta yi mamakin saurin yardarsa, don ta san kayanta. Alhaji mutum ne da Allah Ya yi wa jama'a. Goronsa wasu ke zuwa Gwanja su sayo. Saukar Alƙur'ani malamai ke yi masa duk Juma'a. Hajjin mahaifinsa marigayi wani ya tura. Ranar aurensu ma yana kasuwa aka shafa fatiha. Takalminsa kuwa Ilu ke juya masa, wani tsohon baransa mai sanda, wanda Luba ba ta taɓa gani sosai ba, tarinsa kawai ta sani daga soro.

Aka fara. In Alhaji ya fita sallar asuba, ba ya dawowa sai hantsi, sharkaf da gumi. Shi dai ko a zaune gumi yake, amma Luba ta ɗauki wannan na daban ne.

"Dala fa?"

"Ba fashi."

Da rana ta haɗa akushi: tuwon dawa, kwaɗon zogale, wata rana rama, ba ko ɗigon mai. Ilu ya yi sallama a soro, ya yi tari, a miƙa masa ya kai rumfar Alhaji. Da la'asar akushi ya dawo kamar an wanke. In ta ji ƙanshin tsire a babbar riga, Alhaji ya ce ai maƙwabcinsa a kasuwa mahauci ne, hayaƙi ba ya neman izini.

Ta duba takalmansa tana neman jar ƙasar Dala. Tas. Ta ce a ranta Ilu akwai kula.

'Yardada dillaliya, wadda ke shiga gida-gida da kayan mata, ta zo wata rana ta baje atamfofi ta ce, "Luba, mutanen Dala sun daina duban rana. Da hawan Alhaji Haruna suke ɗora koko." Ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa.

"Su yi dariya," in ji Luba. "Wanda ya yi dariyar mai neman lafiya, shi za a riga wankewa."

Damina ta shigo ta fita. Luba ta tanadi allura don ta rage wa Alhaji wando, sai ga ta tana ƙara wa zariya tsawo. Ba ta karaya ba. Kitsen shekara arba'in ba ya tafiya a damina ɗaya. Ta rage tuwo, ta ƙara zogale. Gidan ma ya yi shiru, har ta lura an kwana biyu ba ta ji tari a soro ba, sai sallama garau.

Ranar wata Talata bayan azahar aka shigo da Alhaji a kan tabarma, mutum takwas na nishi. A rumfarsa ya kife, a kan huhun goro.

Mata ba sa bin gawa, 'Yardada ce ta kawo labari. Ta ce samari sun yi ta karɓeɓeniya da makara suna haki, amma Ilu ya riƙe gaba tun daga ƙofar gida har maƙabarta bayan Ƙofar Ɗan Agundi, bai nemi a canje shi ba. Sandar ma babu.

Luba ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Haushi ne ya cika ta. Ta bi dokar Bature ɗaya bayan ɗaya, ta hana bawan Allah daɗin bakinsa a ƙarshen kwanansa, kuma ga inda aka tsaya.

Bayan sadakar uku aka ce Ilu na soro zai yi gaisuwa. Ta tsaya bayan asabari. Ta tsakanin karan ta hango wani dattijo miƙaƙƙe, wuya kamar na ɗan dako.

"Uwargida, ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Alhaji."

"Amin. Kai ne shaida, Ilu. Maganin Bature ƙarya ne."

Ya durƙusa. "Ni dai wallahi ba daga wajena aka samu gibi ba, Uwargida. Tun ranar da Alhaji ya wakilta ni, kullum sai na hau masa Dala, kullum sai na cinye masa zogalensa, ko ganye ɗaya ban taɓa ragewa ba. Abin da na zo tambaya, in ci gaba da hau masa, ko a dakata?"