Saƙon Dije

Tun da aka daina cin kasuwa, komai ta waya ake saye, jirgi marar matuƙi ya kawo. Kuɗin kawowa ba ya sauka sai gida biyu sun haɗa saye. Inna Tambai kuwa ita kaɗai ta rage a unguwar majema.

Bargo take so, sanyi ya dame ta.

"Inna, kawowar ta fi ƙarfinki," in ji wayar. "Babu maƙwabciya?"

Ta sayi bargon, sannan ta sayi allura da sunan ƙawarta, marigayiya Dije.

Da la'asar jirgin ya sauka a ƙofar kangon gidan Dije, yana kwaɗa sallama: "Dije, fito ga saƙonki!"

Inna Tambai, rungume da bargonta, ta tsaya tana jiran fitowarta ita ma.