Sudokun Malam Ya Ƙi Fita

Kullum da safe, bayan an sha shayi, matar Malam takan ɗauko rula da farar takarda ta zana masa wasan lambobin nan na sudoku da manyan lambobi. Tun da ya dawo daga asibiti idonsa ya daina ganin ƙananan rubutun littafin sudokunsa. Ita dai nata kwafa ne, gida-gida, ta ajiye masa a kan tebur ta koma kicin.

Malam ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da lissafi, ya yi ritaya, amma bakinsa bai yi ba. Ko baƙi aka yi sai ya ba su labarin yadda matarsa ta zauna jarrabawar shiga kwalejin malamai farkon aurensu, wai ita ma lissafi za ta koyar. “Ni na je karɓo sakamakon,” yakan ce yana ƙyaƙyata dariya. “Ta faɗi warwas! Kai ne babu, ba laifinta ba ne.” Ita sai ta yi murmushi ta kwashe kofuna.

Hawan jinin da ya kwantar da shi sati uku ya tsorata 'ya'yansa. Babban ɗansu ya zo da maganar a hankali, ya ce Baba ya haƙura da tuƙi, likita ya ce irin wannan ciwon yakan taɓa tunani. Malam ya yi tsalle ya dire. Motar nan ita ce ƙafarsa, da ita yake zuwa wajen abokai ya baje kolin iliminsa.

“Ni za a ce wa kaina ya taɓu? To ga sharaɗi. Kwana talatin, sudoku matsakaici ɗaya kullum. In ban warware ko guda ba, ka zo ka ɗauki makullin.”

Ya sa hannu ya yage shafukan amsoshi daga bayan littafin ya cusa a kwandon shara, don a wajensa leƙen amsa aikin ragwaye ne.

Dokar wasan ba ta da wuya: lambobi ɗaya zuwa tara, kada wata ta maimaitu a layin kwance, ko na tsaye, ko cikin akwati mai gida tara. Malam kuwa yana da tsarinsa. Yakan fara da lambar da ta fi yawa a takardar, ya bi ta akwati-akwati. Sai ya koma layin da ya kusa cika. Inda ya yi shakka, ya rubuta 'yan lambobi ƙanana da fensir a kusurwa. In gida biyu a layi ɗaya suka tsaya a kan lambobi biyu iri ɗaya, ya soke waɗannan lambobin daga sauran gidajen layin. Canki-canka kuwa haramun ne.

Ranar farko komai ya tafi sumul, sai da ya rage gida shida ya ga bakwai biyu sun yi cirko-cirko a layi ɗaya. Ya ce gajiya ce. Rana ta biyu huɗu ce ta rasa gidan shiga. A rana ta tara magogi ya huda takardar.

Ya daina fita. Ya daina ba'a. Yakan zauna tun hantsi har la'asar yana goge-goge, gumi na tsattsafo masa, yana bin layi da yatsa kamar ɗan aji ɗaya. Matarsa ba ta taɓa gajiya ba. Tun yana asibiti ta gyara masa ɗakin karatu tsaf, ta kakkaɓe tsofaffin takardunsa, yanzu kuma ga fensir a fiƙe kullum, ga shayi da zafinsa.

“Sannu Malam,” takan ce. “A hankali dai, gobe ma rana ce.”

A rana ta talatin ya kai har gida biyu na ƙarshe. Duka biyun tara suke nema. Ya daɗe yana kallonsu. Da ɗan ya shigo bai ma bari ya yi magana ba, ya tura masa makullin a kan tebur.

“Ɗauka. Kan ya tafi.” Ya juya ga matarsa, wallahi abin tausayi. “Ashe haka mutum yake ji, ya yi iya yinsa a ce bai iya ba?”

“Haka yake ji, Malam,” ta ce. “Sai dai ana sabawa.”

Ta ɗauki littafin ta shiga kicin ta turo ƙofa. Cikin minti goma ta warware na gobe, kamar yadda ta warware talatin ɗin da suka wuce. Sannan ta zauna tana zaɓen lamba ɗayar da za ta canza wajen kwafa, wadda ba za ta nuna kanta ba sai mutum ya zo ƙarshe. Shi wata guda kawai ya yi yana shan wuya, ita kuwa bashin shekara talatin da takwas take binsa, tun ranar da ya ɓoye takardar da ta tsinta a ƙasan durowarsa lokacin da take gyara masa ɗakin karatu, wadda kwalejin ta rubuto cewa ta ci jarrabawar, kuma ita ce ta zo ta ɗaya.