Sirrin Ƙofa Ruwan Ɗorawa

Mai aski ya cusa gwangwanin fenti a buhu, yana waige-waige kamar ɓarawon kaza.

"Kada kowa ya ji," ya ce wa mai fenti.

"Haba, ni da kai?"

Wata uku ke nan yana korar ƙuda a shago, don su shida ne masu aski a layin. Da ya tambayi intanet yadda zai fita daban, shafin farko ya ce ƙofa ruwan ɗorawa ke jan ido. Tuni ya fara kiran kansa masanin talla a gaban matarsa.

Ranar hutu da sassafe ya shafe ƙofarsa tas, ya sulale gida. Washegari ya shigo layin yana taƙama, sai ya yi turus. Ƙofa shida duk ruwan ɗorawa, masu aski sai hararar juna suke.

Ya nufi mai fenti a fusace. "Malam, kai ka tona min asiri?"

Mai fenti ya gyara zama. "Shekara biyu fentin nan yana kwantai. Ni ma intanet na tambaya, aka ce in rubuta amsar da mutane ke nema. Ya ka ga shafin nawa?"