Inda Ake Yi wa Baba Tafi

Baba yana da kalmomi buhu-buhu, wurin tsayawa ne ya rasa. 'Yarsa Auta kuwa an zaɓe ta ta yi jawabi a taron makaranta, tana tsoron ta sauko ba wanda ya tafa mata.

"Kwantar da hankalinki, uwata," in ji Baba. "Biyo ni taron unguwa ki ga yadda ake zaɓen kalma."

Ta bi shi, ta kasa kunne. Ya ce "haƙiƙa", aka yi hamma. Ya ce "bugu da ƙari", tela ya fara gyangyaɗi. Da ya ce "daga ƙarshe", sai wuri ya kaure da tafi, har tela ya farka ya taya.

Ranar taron makaranta, bayan manyan baƙi sun gajiyar da jama'a, Auta ta tashi. Ta ja numfashi, ta fara: "Daga ƙarshe..."

Aka yi ta tafi kamar rufi zai faɗo.

Baba ya zunguri na kusa da shi. "Ka ji ko? Gado ne!"

Auta dai ta gane cewa ba jawabin Baba ake tafa wa ba, murnar zai zauna ake yi.