Sulallan da Aka Wanke da Toka

Ka taɓa riƙe sulen zamanin Turawa a tafin hannunka, ka ji sanyinsa da nauyinsa? To, tsaya ka ji abin da ya sami wani manomi.

Sansa na huɗa ya mutu ana saura wata guda ruwa ya sauka. Yana cikin wannan damuwa sai bangon ɗakin kakarsa ya zube, ga wani ɗan tulu a cikin ginin, an toshe bakinsa da tsumma. Da ya fasa, sulalla da fataka da sisi suka zubo, sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya ɗauki guda ya kai wa wani dattijo a birni, tsohon malamin makaranta da ya shekara talatin yana tara irin waɗannan kuɗi. Dattijon ya sa tabarau, ya karanta shekarar da aka buga sulen, ya shafa bishiyar kwakwar da ke bayansa, ya ce, "Malam, kawo sauran yadda ka same su. Ina da sa a garke, naka ne."

Manomi ya koma gida da murna, amma kunya ta kama shi. Ina shi ina kai wa babban mutum kaya da dauɗa? Ko kwanon aro ai sai an wanke ake mayarwa. Shi da matarsa suka jiƙa tsamiya, suka kawo toka da yashi, suka wuni suna dirza har yatsunsu suka yi kanta. Kuɗi suka yi fari fat, suna ɗaukar ido. Da ya zube su gaban dattijo, sai dattijon ya juya wannan, ya juya wancan. Da ma sun sha hannu, yanzu hoton kan sarkin Ingila da ke jikinsu ya shafe, shekara ta ɓace, ba kwakwa ba alamarta. Ya cire tabarau ya ce, "Kai, bawan Allah, wa ya aike ka? Ni shekarun nake saye, kai kuwa ka wanke su ka zubar a kwata. Wannan azurfa ce kawai. Kai wa maƙeri ya yi wa uwargida zobe." Ruwa ya sauka, manomi ya shiga gona da garmar hannu.

Na tabbata har gobe akwai irin waɗannan kuɗi a adakar tsofaffinmu. Je ka duba ta gidanku. In ka samu, naɗe su a ƙyalle da baƙinsu, ka tambayi wanda ya san su kafin ka ce za ka gyara. Hausawa sun faɗa, garin neman gira akan rasa ido.