Gurbin da Aka Bar Min a Birni

Jama'ata, barkanku, ku matso ku sha labari.

Tunda masu binciken yawan jama'a suka ce birni ya cika, ba mai shiga sai wani ya mutu ya bar gurbi. Yayana Sagiru ya riga ni shiga. Kullum ina tsokanarsa a waya: "Yaya, wai tsofaffinku ba sa mutuwa ne?"

"Kwantar da hankalinka, ƙane, zan samo maka wuri."

Yau aka kira ni, har rawa na taka a tasha. Doka ce sai ka fara zuwa ta'aziyya gidan mai gurbin. Da wata ma'aikaciyar gwamnati ta kai ni, sai ga matar Yaya a tabarmar makoki, a gefenta takalman da ya ara a wurina ranar tafiyarsa.

Ma'aikaciyar ta ce, "Malam, za ka karɓa?"

Ku fa, da kun karɓa?